Annie Oakley ce ta ci, fim ya ba namiji

A fim ɗin da kamfanin RKO na Amurka ya fitar a 1935 a kan rayuwar Annie Oakley, shahararriyar maharbiyar Amurka, akwai harbi guda ɗaya da nake ganin bai kamata a yafe wa masu fim ɗin ba. Wani mai otal a birnin Cincinnati ya saba sayen tsuntsayen da ake aiko masa daga ƙauye, kowanne an same shi a ka, nama bai lalace ba. Bai taɓa ganin maharbin ba, a zatonsa namiji ne. Sai ya zuba kuɗinsa a kan cewa wannan maharbi nasa zai kayar da Toby Walker, gwanin harbin da ake ji da shi, wanda bai daɗe da sa hannu a kwantiragi da tawagar Buffalo Bill mai yawon nuna wasannin kaboyi ba. Ranar gasa sai ga yarinya ta fito da bindigarta. Aka yi dariya, aka fara harbi, dariya ta ɗauke. Duk abin da Toby ya harba ya samu, ita ma sai ta samu. Ana cikin haka uwarta ta ja ta gefe, ta nuna mata kada fa ta zama sanadin da yaron nan zai rasa aikinsa. Annie ta dubi Toby, wanda dama ya riga ya kwanta mata a rai, ta ɗaga bindiga ta kauce da gangan. Aka ce Toby ya ci.

Wannan bai faru ba. An yi gasar da gaske, kuma ita ta ci. Mutumin da ta kayar ba Toby Walker ne sunansa ba, Frank Butler ne, ɗan ƙasar Ayilan da ya yi ƙaura zuwa Amurka yana yawon nuna gwanintar harbi gari-gari, yana ƙalubalantar duk mai ji da kansa. Masu tarihi sun saɓa a kan shekarar, wasu sun ce 1875, wasu 1881. Sun saɓa a kan ƙidaya ma: wata ruwaya ta ce kunnen doki suka yi ta yi har Frank ya kuskure harbinsa na 25, wata ta ce ita ta sami 23 shi 21. Amma babu ruwayar da ta ce ta faɗi, balle a ce da gangan ta faɗi. Shi kansa Frank, har tsufansa, ya riƙa ba 'yan jarida labarin yadda yarinya ƙarama ta kayar da shi, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba.

Fim ɗin ba mummuna ba ne, kada a ɗauka ƙiyayya nake yi masa. George Stevens ne ya ba da umarni, wanda daga baya ya ci lambar Oscar sau 2. Barbara Stanwyck ce ta fito a matsayin Annie, kuma shi ne fim ɗin kaboyi na farko da ta yi. Ta taka rawar da kyau: ba rawar kai, ba yawan magana, idonta kawai ya isa ya gaya maka yarinyar nan ta san abin da take yi. Yadda aka sake gina filin wasan Buffalo Bill, da dawakai da keken doki da ƙura da hayaniyar 'yan kallo, abin yabawa ne, musamman da yake a 1935 akwai tsofaffi da yawa da suka ga wasan na gaskiya da idonsu. Duk wanda ya taso da son fina-finan kaboyi, irin waɗanda iyayenmu suka riƙa kallo a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, zai ji daɗinsa. Kyan nasa ma shi ya ƙara tsananta matsalar. Fim mara kyau ana mantawa da shi da ƙaryar da ke cikinsa. Mai kyau kuwa zama yake yi a kan mutane, har ya ture abin da ya faru.

Don a gane girman abin da aka canza, sai an san wace ce wannan yarinya kafin ta hau dandamali. Sunanta na yanka Phoebe Ann Mosey. An haife ta ranar 13 ga Agusta 1860 a gundumar Darke ta jihar Ohio, a gidan manoma talakawa. Tana 'yar shekara 5 guguwar ƙanƙara ta rutsa da mahaifinta a hanya, ya dawo gida da ƙyar, ciwon ya kwantar da shi, ya rasu a farkon 1866. Uwa ta rasa yadda za ta yi da yara, sai aka kai Annie gidan gajiyayyu na gunduma. Daga can wani manomi ya ɗauke ta da sunan za ta taya matarsa raino, da alkawarin za a riƙa biyan ta kuma a sa ta makaranta. Ta yi kusan shekara 2 a gidan cikin bauta da duka. Akwai daren da ta yi gyangyaɗi tana ɗinki, matar gidan ta tura ta waje cikin ƙanƙara ba takalmi ta kulle ƙofa. Har ta mutu ba ta taɓa faɗin sunan mutanen nan a bainar jama'a ba, kyarketai kawai take ce musu. Daga ƙarshe ta gudu.

Da tarko ta fara farauta, sannan ta ɗauki bindigar mahaifinta tana da kimanin shekara 8. Zomaye da tsuntsaye take harbowa ta kai wa masu kanti a garin Greenville, su kuma su tura otal-otal har Cincinnati. Abin da fim ya nuna na harbin tsuntsu a ka yana da tushe, kuma dalilinsa ciniki ne: mai cin abinci a otal ba ya son ya tauna dalma a cikin nama, saboda haka tsuntsun da aka samu a ka ya fi daraja. Tana da shekara 15 ta biya bashin jinginar gonar uwarta da kuɗin farauta. Yarinyar da ta taso haka, kowane harsashi kuɗi ne a wurinta, kowane kuskure kuma abincin dare ne ya tafi. An ce dala 100 aka zuba a gasar da Frank, kuɗi mai yawa ƙwarai a wancan zamani. A ce wannan yarinya ta zubar da nasara saboda saurayi ya yi mata kyau, wannan ba ƙarin gishiri ba ne a labarinta, wata mace ce daban aka sa wa sunanta.

Sauran rayuwarta ma shaida ce. A 1885 ta harbi ƙwallayen gilas 5,000 da ake cillawa sama cikin awa 9, ta fasa 4,772. A shekarar ta shiga tawagar Buffalo Bill, ta yi kusan shekara 16 tare da su. A riƙe katin karta a juya shi ta gefe, yadda ba abin da kake gani sai siririn bakinsa, ita kuma daga taku 30 ta raba shi biyu. A cilla ƙaramin sulalla sama ta same shi. Ta juya baya, ta ɗora bindiga a kafaɗa, ta duba madubi ta harbi abin da ke bayanta. A 1887 a Landan, lokacin bikin cikar Sarauniya Victoria shekara 50 a kan gadon mulki, ta yi wasa a gaban Sarauniyar. A wannan zama ne aka haɗa ta gasa da wani ɗan gidan sarautar Rasha, Grand Duke Michael, mai ji da kansa a harbi, ta kayar da shi a gaban manyan baƙi. Wadda ba ta sassauta wa ɗan sarki ba, ita ce aka ce ta sassauta wa saurayi. Tana da shekara fiye da 60 ma, a 1922, ta fasa faya-fayan yumɓu 100 a jere ba ta kuskure ko ɗaya ba.

To me ya sa Hollywood ta juya labarin? Ina ganin amsar tana cikin shekarar da aka yi fim ɗin. Amurka tana tsakiyar mummunar karayar tattalin arziki, a 1933 kusan mutum 1 cikin 4 na masu neman aiki ba shi da shi. Ra'ayin da ya yaɗu a lokacin shi ne mace mai aiki, musamman matar aure, gurasar wani magidanci take ƙwacewa. Ra'ayin har ya shiga doka. Sashe na 213 na dokar tsuke bakin aljihu ta 1932 ya ce idan za a rage ma'aikatan gwamnatin tarayya, a fara da wanda abokin aurensa ma yake aikin gwamnati, kuma a aikace mata ne suka fi rasa aikinsu. Sai a 1937 aka soke sashen. Maganar da aka sa a bakin uwar Annie, cewa kada ta sa yaro ya rasa aiki, maganar 1935 ce aka ɗauka aka mayar da ita baya shekara 50 ko 60. Masu fim sun san 'yan kallonsu. Sun san akwai maza da yawa a cikin silima da ba su da aiki, kuma ba za su biya kuɗin tikiti don su ga mace ta kunyata namiji ba.

Ana iya fahimtar dalili ba tare da an yarda da shi ba. Kuma abin bai tsaya a fim ɗaya ba. A 1946 aka yi wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe a New York mai suna Annie Get Your Gun, a 1950 aka mayar da shi fim, ya fi na farko shahara nesa ba kusa ba. A can ma an maimaita: a gasar ƙarshe aka lallashi Annie ta faɗi don ta sami miji, ta yarda, aka rufe labule ana murna. Sai a 1999, da aka sake ɗora wasan a dandamali, aka gyara ƙarshen ya zama kunnen doki. Ko a lokacin ba a bar ta ta ci ba. Miliyoyin mutane da suka san sunan Annie Oakley ta wannan hanya suka san shi, kuma darasin da suka ɗauka shi ne wanda rayuwarta ta ƙaryata.

Na san abin da za a ce. Fim nishaɗi ne, ba littafin tarihi ba, wanda yake son gaskiya ya je laburare. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ba wanda zai iya cusa rayuwar shekara 66 cikin minti 90 ba tare da ya yanke, ya haɗe, ya ƙirƙiri hirar da ba wanda ya ji ba. Ban damu da an haɗe mutum biyu sun zama ɗaya ba, ko an matso da wata shekara kusa da wata. Ban damu da an ƙirƙiro wani manaja da ke son Annie a ɓoye ba, kamar yadda aka yi a fim ɗin. Tela ma yana rage tsawon riga ya ƙara aiki a wuya, rigar tana nan rigar mai ita. Amma a kowace rayuwa akwai abu ɗaya ko biyu da idan ka juya su, mutumin ya tashi daga wanda yake. A rayuwar Annie, ɗaya daga ciki shi ne ta kayar da namiji a fili, namijin kuma ya so ta a haka. Idan mai fim ya ga wannan ba zai sayu ba, hanya a buɗe take: ya ƙirƙiri tasa jarumar ya sa mata wani suna. Tunda ya ɗauki sunan mace ta gaskiya don sunan ya jawo masa 'yan kallo, ya ci bashi, kuma da gaskiya ake biyan irin wannan bashi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce za ta fi shiga zuciyar Bahaushe. Za a ce ai fim ɗin bai rage mata daraja ba, ƙara mata ya yi. Kowa a silima ya san ita ce gwana. Abin da ta yi kara ce, tausayi ne, ta fifita mutuncin wani a kan nasararta. Mu ma muna girmama mai kara, kuma da gaskiyarmu. Sai dai a duba wa ake nema ya yi karar, kuma wa ake yi wa. A fim ɗin, Annie ce matalauciya mai ciyar da uwa da ƙanne, Toby kuwa tauraro ne mai kwantiragi a aljihu. Mai rauni aka sa ya yi wa mai ƙarfi kara. Sannan ba wanda ya taɓa tunanin rubuta labarin da Toby zai kauce don kada yarinya ta koma gida hannu wofi. Karar da kullum ɓangare ɗaya ake nema ya yi, ta zama haraji.

Hujja ta uku ita ce wadda na fi daɗewa ina juyawa. Annie da kanta ba ta tsira daga gyaran labari ba. An tallata ta a matsayin 'yar yammacin Amurka, ƙasar kaboyi, alhali a Ohio ta taso, nesa da can. Lokacin da aka kawo wata matashiyar maharbiya, Lillian Smith, cikin tawagar, wadda Annie ta girme ta da shekara 11, sai Annie ta zaftare shekara 6 daga shekarunta, aka riƙa rubuta cewa a 1866 aka haife ta. Ita kanta tawagar Buffalo Bill sana'arta ke nan, sayar da tatsuniyar yamma ga mutanen birni. To mai sana'ar ƙawata labari, da wane baki za a yi ƙorafi a madadinta? Amsata ita ce duk abin da Annie ta gyara, ado ne na waje. Ba ta taɓa yin ha'inci a harbin ba. Katin da ta raba biyu da gaske ta raba shi, a gaban dubban idanu, sau biyu a rana, damina da rani. Kamfanin Edison ya ɗauke ta a na'urar ɗaukar hoto mai motsi a 1894, ɗan gajeren hoton yana nan har yau a intanet, kana ganin ta tana fasa abin da ake cilla mata ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta tsare da gaske a sana'arta, shi ne fim ya taɓa.

Akwai kuma wanda aka fi zalunta a wannan fim, kuma ba a cika maganarsa ba: Frank Butler. Bayan ta kayar da shi ya nemi aurenta. A farko shi ne tauraro, ita tana rakiya. A watan Mayu 1882 abokin wasansa ya kwanta rashin lafiya, ya ce ta fito ta riƙe masa abin harbi, kafin a tashi ita ma ta harba, jama'a suka ruɗe da tafi. Frank ya ga abin da kowa ya gani, cewa matarsa ta fi shi, sai ya ja baya da kansa. Ya zama manajanta. Shi ke loda mata bindigogi, shi ke cilla ƙwallaye, shi ke riƙe katin karta tsakanin yatsunsa, shi ke tsayawa da taba sigari a leɓe ta harbe ta daga bakinsa. Shi ke ciniki da masu wasa, shi ke rubuta wa jaridu martani idan an taɓa ta. Sun yi fiye da shekara 40 a haka. Ta rasu ranar 3 ga Nuwamba 1926, shi kuma ya bi ta bayan kwana 18.

Ka tsaya ka yi tunanin mutumin da ke tsaye da sigari a baki, matarsa na auna shi da bindiga, jama'a na kiran sunanta ba nasa ba, ya koma masauki ya goge mata bindigogin, gobe ya sake tsayawa. Wannan ba ƙaramin namiji ba ne. Amma masu fim ba su yarda akwai irinsa ba, ko kuma ba su yarda 'yan kallo za su girmama shi ba. Sai suka ƙirƙiro Toby, mai girman kai da cika baki, sannan suka rasa yadda za su daidaita shi da macen da ta fi shi sai ta hanyar karya shi. Bindiga ta tashi kusa da fuskarsa ta lalata masa ido, ya ɓoye wa jama'a hakan, ya harbi hannun Annie bisa kuskure a gaban jama'a, aka kore shi, ya ƙare yana tsaron wata 'yar rumfar harbi. Sai a nan aka yarda su haɗu. Saƙon a fili yake: mace mai baiwa ba za ta zauna da namiji ba sai ko ita ta rage kanta, ko shi ƙaddara ta rage shi. Alhali ga mutumin gaskiya nan, da idonsa biyu lafiya, da sana'arsa, ya zaɓi ya tsaya bayan matarsa ba wanda ya tilasta shi.

Wannan shi ne inda labarin ya taɓa mu, ko da yake Ohio na da nisa. Wa bai taɓa jin an ce wa yarinya mai ƙoƙari ta rage, kada boko ya yi mata yawa maza su guje ta ba? Wa bai san matar da ke ɓoye wa miji ribar sana'arta ba, ba don zai ƙwace ba, sai don kada ya ji ya ƙasƙanta? Muna yawan ɗora laifin a kan mazan, muna mantawa cewa samari ma ba a nuna musu wani samfuri ba. A cikinmu akwai irin su Frank da yawa: malamin firamare da matarsa ta zama likita yana kai ta asibiti da babur da asuba, ɗan kasuwar da ya san matarsa ta fi shi iya lissafi ya bar mata littafin shago. Ba a yin fim a kansu, idan an yi kuma sai a mayar da su abin dariya, mijin-ta-ce. Saurayin da bai taɓa ganin an girmama irin wannan namiji a allo ba, daga ina zai koyi cewa hakan ba faɗuwa ba ce?

Ba Annie da Frank kaɗai fim ɗin ya taɓa ba. Sitting Bull, ɗaya daga shugabannin ƙabilar Lakota ta 'yan asalin Amurka, wanda mutanensa suka murƙushe rundunar sojan Amurka ƙarƙashin kwamanda Custer a yaƙin Little Bighorn a 1876, ya haɗu da Annie a 1884 a garin St. Paul, gwanintarta ta burge shi har ya ɗauke ta kamar 'ya. Wata 4 kawai ya yi da tawagar a 1885. A fim an mayar da shi mai ba da dariya, baƙauyen da kayan ɗakin otal ke ruɗawa, kuma ɗan aiken soyayya da ke bin Toby a titunan New York don ya haɗa shi da Annie. Mutumin gaskiya kuwa 'yan sandan gwamnati ne suka harbe shi a ƙofar gidansa a Standing Rock ranar 15 ga Disamba 1890, lokacin da suka zo kama shi.

Abin da ya fi sa ni jin zafin wannan lamari shi ne sanin yadda Annie ta ɗauki sunanta. A watan Agusta 1903, bayan ta bar tawagar sakamakon haɗarin jirgin ƙasa da ya ji mata ciwo a baya a 1901, jaridun attajiri William Randolph Hearst na Chicago suka buga cewa an kama Annie Oakley ta saci wandon wani mutum don ta sayi hodar iblis. Jaridu a faɗin ƙasar suka kwafa. Matar da aka kama wata 'yar rawa ce daban da ke amfani da suna mai kama da nata. Yawancin jaridun sun janye labarin sun ba da haƙuri, amma Annie ta ce bai isa ba. Ta shigar da ƙara 55 ta ɓata suna, ta yi kusan shekara 6 tana bin kotuna daga wannan jiha zuwa waccan, ta yi nasara ko aka sasanta a 54. Hearst ya tura mai bincike har gundumar Darke ya tono mata wani abin kunya, ya dawo hannu wofi. Abin da ta samu na diyya bai kai abin da ta kashe a shari'ar ba, kuma ta san haka tun tana ciki. Ba kuɗi take nema ba.

Shekara 9 bayan rasuwar wannan mata aka yi fim ɗin. Ba ta bar ɗa ko 'ya ba, mijinta ya rasu, kuma a dokar Amurka mamaci ba ya ƙarar ɓata suna. Ba na cewa abin da fim ya yi daidai yake da ƙazafin Hearst, akwai tazara mai yawa tsakanin a kira ka ɓarawo da a ce ka faɗi gasa don soyayya. Amma ƙa'idar ɗaya ce: an faɗi abin da ba ta yi ba, an manna wa sunanta, don a sayar. Bambancin kawai a 1903 tana da rai da lauya, a 1935 ba ta da ko ɗaya. Doka ta ƙyale, shi ya sa nauyin ya koma kacokan kan mai fim da mai kallo.

Mu ma wannan tambaya na jiran mu, domin masu shirya fina-finanmu sun fara waiwayar tarihi, kuma ya kamata su waiwaya. A kan Sarauniya Amina ta Zazzau, rubutaccen bayani kaɗan ne, yawanci baka ne, saboda haka mai fim yana da fili mai faɗi, ko da yake shi ma ba fili ne mara iyaka ba. Amma Nana Asma'u ta bar rubuce-rubucenta da Larabci da Fulatanci da Hausa, an san tsarin 'Yan Taru da ta kafa na koyar da mata, an san irin zaman da ta yi da mijinta Waziri Giɗaɗo. Hajiya Gambo Sawaba kuwa a 2001 ta rasu, waɗanda suka yi gwagwarmayar NEPU da ita wasunsu na da rai, 'yan'uwanta na nan a Zariya. Ranar da wani zai ɗauki labarinta, za a sami mai kuɗin da zai ce jama'a ba za su so mace mai taurin kai haka ba, a tausasa ta, a sa ta yi kuka ta ba da haƙuri a gaban alƙali, a ƙirƙiro wani namijin da zai cece ta daga kurkuku. Zai kawo hujjar kasuwa, kamar yadda aka kawo a 1935, kuma ta yiwu lissafinsa na kasuwa daidai ne.

Ba ina kira ga hukumar tace fina-finai ta shiga tsakani ba, wannan ba aikin almakashi ba ne. Abin da nake nema ƙarami ne kuma mai yiwuwa. Marubuci ya zauna da iyalan mutumin da waɗanda suka san shi kafin ya ɗora alƙalami. Ya ware abubuwan da in an juya su mutumin ya ɓace, ya bar su yadda suke ko da ba su yi wa mai zuba kuɗi daɗi ba. Inda ya ƙirƙira, ya rubuta a farkon fim ɗin cewa ya ƙirƙira, ya faɗi wane ɓangare. In kuma ya ga labarin gaskiya ba zai sayu ba sai an durƙusar da jarumar, to ya cire sunanta daga kan fosta ya sa na wata da ya ƙago.